RUMFAR LEDA A FULATAN: A AUNA KAFIN A CI BASHI

Duk ɗalibin da ya fito daga yammacin Jihar Kano, ya kuma je gida hutun da ya wuce, da wuya a ce bai ji zancen rumfar leda ba. Mu da muka fito daga Fulatan, cikin Ƙaramar Hukumar Rogo, mun tarar zancen ya riga mu isa. A majalisar samari ana ta miƙa wa juna waya, ana kallon hotunan wasu dogayen rumfuna farare da aka lulluɓe da leda, ciki kuwa ga tumatir ya hau igiya ya wuce tsawon mutum, 'ya'ya reto-reto kamar an jera su da hannu. Masu talla suna kiranta girinhawus, suna cewa wai da fili kamar tsakar gida mutum zai sami abin da ba ya samu a eka guda, kuma ba ruwansa da damina ko rani. Dattawa suka juyo gare mu, tun da mu ne aka aika jami'a, suka ce, "To, 'yan boko, me kuka gani?" Muka yi ta kame-kame. Wannan kunya ce ta sa da muka dawo makaranta muka shiga tambaya da karatu. Abin da muka samo shi ne muke so mu shimfiɗa a gaban 'yan'uwa ɗalibai, domin mun san ba a Fulatan kaɗai ake wannan tambaya ba.

Ra'ayinmu ba ɓoyayye ba ne, gara mu faɗe shi tun daga farko. Rumfar leda tana da gurbi a nomanmu, amma gurbin ƙarami ne, kuma ba inda masu talla ke nunawa yake ba. Saurayin da ya ci bashi ya kafa ta shi kaɗai, da nufin noman tumatirin kai wa kasuwa, lalle ya sayi wahala da kuɗinsa, sai fa in Allah ya kiyaye. Inda muka ga za ta biya kanta, har ta amfani talaka, shi ne wajen renon dashe, a hannun ƙungiyar manoma.

Bari mu fara da yi wa masu sha'awar abin adalci, don ba hauka ke ɗibarsu ba. Kowa ya san halin da manomin tumatir ke ciki a wannan yanki, daga Rogo da Ƙaraye zuwa Ɗanja ta Jihar Katsina da Hunkuyi ta Jihar Kaduna, har can Kadawa da Kura. Kowa yana dashe lokaci ɗaya, kowa kuma yana tsinka lokaci ɗaya. Daga Janairu zuwa Maris kasuwa takan cika ta batse, dillali ya yi wa kwando kuɗin da bai kai na ɗauko shi daga gona ba. Wanda ya gaji ya yanka ya shanya ya yi kauɗa, wani ma ya zubar a bakin hanya. Masana suna ƙiyasta cewa wajen kashi 40 cikin 100 na tumatirin da ake nomawa a Nijeriya lalacewa yake yi kafin ya shiga tukunya. Sa'an nan da zarar ruwa ya sauka, daga Mayu zuwa Agusta, sai tumatir ya zama zinariya, uwargida ta koma wa kauɗa da na gwangwani. Manomi yana kallon farashin nan yana haɗiyar yawu, ba shi da ko ƙwaya ɗaya ta sayarwa, saboda tumatir ba ya son dukan ruwan sama: fure ya zube, ganye ya kamu da ciwo, 'ya'ya su tsage su ruɓe. To, in aka zo aka ce masa ga ɗakin da zai tare masa ruwa ya yi tsinka a Yuli, yaya ba zai saurara ba?

Daɗin daɗawa ga tsutsar nan da manoma suka laƙaba wa suna sharon, wadda masana ke kira Tuta absoluta. Asalinta daga Kudancin Amurka take, ta shiga Sifen a 2006, ta bi gaɓar Bahar Rum ta ƙetaro Afirka. A 2016 ta yi wa gonakin Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa kaca-kaca, har Gwamnatin Jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan tumatir cikin watan Mayu na wannan shekara, ta kuma dawo da ƙarfi a 2023. Uwar 'yar ƙaramar ƙwaro ce mai fiffike, da dare take yawo, takan saka ƙwai har 260 a rayuwarta. Tsutsar kuwa cikin naman ganye take shigewa ta yi rami, inda feshi ba ya cim mata sosai, daga nan ta huda 'ya'yan. Cikin zafi irin namu wata guda ya ishe ta ta tashi daga ƙwai ta zama uwa. Wanda ya taɓa barin gonarsa kore shar, ya dawo bayan mako biyu ya tarar kamar an sa mata wuta, ba sai an yi masa dogon bayani a kan amfanin ɗaki mai raga ba.

Amma fa kowane kayan aiki da ciwon da aka ƙera shi don ya magance. Mutanen ƙasashen sanyi ne suka bunƙasa ɗakin shuka, da gilashi suka riƙa gina shi, kamar yadda har yau ake gani a ƙasar Holan. Da leda ta samu, wani malamin aikin gona a Jami'ar Kentaki ta Amurka, Emery Emmert, ya gina na leda a 1948 don ya fi araha. Manufarsu ɗaya ce, watau hasken rana ya shiga, ɗumi ya taru, iska mai sanyi kada ta kwashe shi. Mu kuwa me za mu yi da tara ɗumi? A ƙasar Kano, cikin Afrilu, ma'aunin zafi yakan kai digiri 40 a inuwa, a cikin rumfar da ba ta da mafitar iska kuwa sai ya ɗara haka nesa ba kusa ba. Shi tumatir, in zafin rana ya daɗe yana wuce digiri 32 zuwa 35, dare kuma bai sauko ƙasa da 21 ko 22 ba, sai garin furensa ya mutu, furen ya bushe ya kaɗe, a bar ka da ganye mai ban sha'awa babu ɗa. Ashe ke nan rumfar da aka zana don Turai, ko don tsaunukan Kenya, ko ma don Jos, in aka kafe ta a Fulatan yadda take, tanda aka gina.

Wadda za ta dace da mu sai ta zama doguwa, gefenta ya kai mita 3 ko 4 kafin rufi ya fara, a bar taga a ƙololuwa daga wannan ƙarshe zuwa wancan don zafi ya fice, bangon ya zama raga zalla, leda a sama kaɗai kamar laima. Da bazara a ƙara shimfiɗa ragar inuwa a bisa, ko a shafa wa ledar farar ƙasa, ruwan farko ya wanke. Nan ma akwai tsaka mai wuya, domin ragar da idonta ya yi ƙanƙantar da zai hana farin ƙuda shiga ita ce kuma ke tare iska. Kowane gyara da kuɗinsa, mai talla kuwa ba ya ambatonsu sai an riga an biya kafin alƙalami.

Ba a littafi kaɗai muka ga wannan ba. Wani ɗan'uwanmu da ya riga mu gama makaranta, da ya gaji da yawon neman aiki, ya sayar da shanu biyu na gado, ya haɗa da rance, wani kamfani ya zo daga nesa ya kafa masa rumfa cikin kwana huɗu a bayan gari. Aka yi dashe cikin Fabrairu don a sami tsinka daidai lokacin tsada. Shuka ta tashi gwanin kyau, mutane suna zuwa kallo daga ƙauyuka, shi kuwa don karamci ba ya hana kowa shiga. Cikin Afrilu fure ya soma kaɗewa. Kafin ya gane dalili, sharon ta bi masu kallo ta shiga. Ana cikin haka hadarin farko ya taso da guguwarsa, ya sami inda leda ta ɗan saki a kusurwa, ya ɗage rufin ya tsaga shi gida biyu. Ya buga waya har ya gaji. Da aka amsa sai aka ce sabuwar leda sai an aiko daga Ikko, kuɗinta kuma ya kusa ninka na da. Yau ƙarafan suna nan tsaye, an ɗaure awaki a ciki, shi kuwa yana acaɓa yana biyan bashi. Ba rago ba ne, ba kuma wawa ba ne. Ɗaki aka sayar masa, ba wanda ya koya masa riƙonsa.

Riƙon kuwa shi ne aikin. Rumfar leda kamar jinjiri take, ba a barinta a tafi biki na kwana biyu. Tun da ruwan sama ba ya shiga, duk ɗigon da shuka za ta sha sai an ba ta, kullum, ta siraran mesa masu ɗiga a gindin kowane tushe. Ramukan mesan kamar kafar allura suke, ruwan rafi mai laka yakan toshe su, don haka sai da matata, matatar kuma sai an wanke ta a kai a kai. In ban-ruwa ya yi tsalle, yau da yawa gobe babu, sai gindin 'ya'yan ya yi baƙi ya ruɓe. Taki a cikin ruwan ake narka shi da awo, irin mai narkewa duka, ba wanda muka saba zuba wa masara ba. Da yake kuma babu damina da za ta wanke ƙasar, gishirin takin yakan taru shekara bisa shekara har ƙasa ta yi fari kamar kanwa. Haka nan tsutsar saiwa, wadda ido ba ya gani sai dai a tuge tushe a ga saiwa ta yi ƙululu, tana samun wurin zama in ana maimaita tumatir a wuri ɗaya. Maganinta mai araha shi ne a jiƙa ƙasar, a rufe ta da leda mai garai-garai mako huɗu zuwa shida a tsakiyar bazara, rana ta dafa ta, watau har wata ɗaya da rabi ba shuka ba ciniki.

Irin tumatirin rumfa ba ya tsayawa da tsawo. Kowane mako sai an naɗa shi a igiya, an fige 'yan rassan da ke fitowa a hammatar ganye, an rage tsofaffin ganyen ƙasa. Babu iska sosai a ciki, babu zuma, saboda haka da hantsi sai mutum ya bi layi yana girgiza igiyoyi don garin fure ya zuba ya ƙulla 'ya'ya. Ƙofa biyu ake yi, a rufe ta waje kafin a buɗe ta ciki, da kwanon maganin wanke takalmi a tsakani, kuma baƙo ba ya shiga ko da hakimi ne. Wannan ƙa'ida ta ƙarshe, mu faɗi gaskiya, ita ta fi yi wa Bahaushe wuya. Huda ɗaya a raga, ta kaza ko ta ɓera, ta isa: ƙwarin da ya shiga ya sami ɗumi da abinci, ba tsuntsu ba ruwan sama, sai ya fi na waje hayayyafa. Ga kuma ƙurar hunturu da ke kwanciya a rufi ta rage haske, sai an hau an wanke da tsumma mai laushi.

Ita kanta ledar ba ta dawwama. Ba ledar shanya ba ce, an haɗa ta da sinadarin da ke kare ta daga cin rana, kaurinta yawanci kashi ɗaya cikin biyar na milimita, kuma ko mai kyau ce shekara 3 zuwa 4 take yi a rana irin tamu. Inda ta taɓa ƙarfe mai zafi nan take fara mutuwa, shi ya sa ake shafa wa wurin farin fenti. Maganin feshi mai farar wuta shi ma yana rage mata kwana. Mafi yawan irin wannan leda da raga da mesa da iri daga waje ake shigo da su, da dala. Tun da aka saki naira a Yuni 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 cikin 2024, wanda ya kafa rumfa kafin wannan lokaci kuwa da ya zo canjin rufi wani lissafi dabam ya tarar. Duk mai rumfar da ba ya ware kuɗin sabuwar leda daga cinikin kowane kwando, jarinsa yake ci yana zaton riba ce. Tsohuwar kuma ina za a kai ta? In an yar shanu su haɗiya, mun kuwa san abin da leda ke yi a tumbin saniya; in an ƙona, hayaƙi ne mai guba. Tilas a tara a miƙa wa 'yan jari-bola su kai wa masu narkawa a Kano.

Yanzu bari mu yi lissafi irin na 'yan aji huɗu. Ƙaramar rumfar da aka fi tallatawa tana da faɗin mita 8 da tsawon mita 24, watau murabba'in mita 192, sai an jera 52 kafin a cika hekta guda. Tana ɗaukar tushe 500 ko kusa da haka. Mu ɗauka komai ya tafi daidai, kowane tushe ya ba da kilo 5, an sami kilo 2,500 ke nan. In kwando kilo 50 ne, kwando 50. Daga cikinsu za a fitar da kuɗin iri da taki da magani, da fetur ɗin injin ban-ruwa wanda aka janye wa tallafi tun Mayu 2023, da rabon leda, da bashi. Kuma ba rana ɗaya za su nuna ba, kwando uku ko huɗu ne a mako, tsawon wata uku ko fi. Wace mota ce za ta zo Fulatan saboda kwando uku? In an kai kasuwar ƙauye, mai saye ba ya tambaya ko a ɗaki aka noma, matan gida ma sun fi son UTC mai tsoka da ke kaurara miya. Masu biyan kuɗi saboda kyan ido, watau manyan otal da kantunan Kano da Kaduna da Abuja, so suke a kawo musu kowane mako ba fashi, shekara duka, abin da mai rumfa ɗaya ba zai iya ba. Wanda ke da rumfa ashirin a gefen Abuja, da motarsa, da malamin gona mai albashi, yana iya cin riba, ba mu musa ba. Amma shi ba ɗan Fulatan ba ne mai shanu biyu.

Masu talla suna son ambaton Almeriya ta ƙasar Sifen, inda aka kafa rumfar leda ta farko a 1963, yau kuwa leda ta rufe fiye da hekta 30,000, har ana hango farinta daga sararin samaniya, ana ciyar da Turai tumatir da tattasai da kokwamba cikin hunturu. Gaskiya ne, busasshiyar ƙasa ce ta talakawa ta zama mai arziki. Abin da ba a faɗa shi ne ƙananan manoma ne suka tayar da ita, da rumfuna masu araha na itace da waya, suka haɗu cikin ƙungiyoyi masu sayar da amfani tare, ga bankin manoma na yankinsu, ga tashar bincike, ga titi har Jamus. Ba a kuma faɗin cewa ruwan ƙarƙashin ƙasarsu ya ja baya har gishirin teku ya shiga wasu rijiyoyi, ko cewa masu gumi a cikin zafin ledar da yawansu baƙi ne daga Maroko da Afirka ta Yamma, bisa lada kaɗan. A cikin duk abubuwan da suka tayar da Almeriya, leda ce ta fi sauƙin saye.

Mu kuwa tarihinmu cike yake da sayen abin da ya fi sauƙin saye. A 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa, har aka tura ɗaliban jami'a ƙauyuka cikin dogon hutu. A 1980 ta Alhaji Shehu Shagari ta zo da nata shirin bunƙasa noma. Aka shigo da taraktoci, da yawa suka mutu a tsaye don rashin kayan gyara. A maƙwabtanmu, Ƙaraye, an gama madatsar ruwa ta Challawa a 1992, mai ɗaukar ruwa wajen kubik mita miliyan 900, amma manomin Fulatan bai ga magudanai irin waɗanda Tiga, ta zamanin Audu Bako, ta ba mutanen Kadawa da Kura ba. Da ɗan injinsa yake jan ruwa daga rafi da rijiyar fadama. Tsoronmu kada rumfar leda ta shiga wannan sahu: a ba da kwangila, a yanke ƙyalle, a ɗauki hoto, a raba wa 'yan gaban goshi, bayan damina biyu a bar wa awaki.

To, ina gurbin da muka ce? Ku dubi yadda muke renon dashe. Manomin da ke son ya riga kowa kai tumatir kasuwa, cikin Agusta ko Satumba yake zuba iri a fangali, daidai lokacin da ruwa ya fi ƙarfi. Ruwa ya daka, wani ya bi kwarara, wani ya ruɓe daga gindi, wanda ya tsira kuma sau da yawa farin ƙuda ya riga ya sa masa ciwon nannaɗe ganye tun yana jariri, ciwon da ba ya warkewa. Sa'ad da za a dasa a tuge shi, saiwa ta tsinke, ya yi kwanaki yana suma a gona. Da irin gida ne da ake tsamowa daga tumatirin bara, da sauƙi. Amma iri mai aure na zamani a ƙirge ake sayar da shi, kowace ƙwaya kuɗi ce.

Yanzu a mayar da waccan rumfa mai murabba'in mita 192 gidan reno. Ko an bar hanyoyin wucewa, za ta ɗauki faranti 600 masu rami 200 kowane, a bisa gadaje sama da ƙasa, dashe 120,000 ke nan. In hekta tana cin 30,000, an wadatar da hekta 4 cikin mako huɗu, sa'an nan a wanke faranti a sake zubawa, wannan karo tattasai da attaruhu, ko kabeji. Ɗakin da zai ba mutum ɗaya kwando 50 cikin wata shida, ga shi ya ba manoma 16 masu rubu'in hekta lafiyayyen dashe cikin wata ɗaya. Kaɗewar fure ba ta taso ba, don ba a kai wa ga fure. Tsutsar saiwa da gishiri ba su taso ba, don ba a ƙasar wurin ake shuka ba. A tsananin bazara kuwa sai a huta a yi gyare-gyare. Kasuwa tana bakin ƙofa, mai saye maƙwabcinka ne, yana iya biyan rabi tun kafin a zuba iri, kuɗi kuma suna juyawa wata-wata. Dashen da ya fito da ƙasarsa manne da saiwa ba ya suma, washegari yake kama gona.

Manya ma sun gane haka. Masana'antar tumatir ta Ɗangote a Kadawa, wadda aka buɗe a 2016 da ƙarfin markaɗa tan 1,200 a rana, ta sha tsayawa saboda rashin isasshen tumatir, har daga baya kamfanin ya gina katafaren gidan renon dashe a can, wanda aka ce zai iya fitar da dashe sama da miliyan 300 a shekara. Amma tsakanin Kadawa da Fulatan akwai tafiya, jaririn dashe kuwa ba ya son doguwar hanya a bayan a-kori-kura. Mu ƙananan gidajen reno muke bukata, ɗaya a Fulatan, ɗaya a Zarewa, ɗaya a Beli ko Gwangwan, kowane kusa da fadamar da zai yi wa aiki.

Ba kuma tilas ba ne a jira ƙarfe daga waje. Masu walda na Rogo da Ƙaraye, da ke ƙera ƙofofi da rumfunan kasuwa, za su iya lanƙwasa bututu in an ba su zane. Gora da azara ma suna yi, muddin an tsare gindinsu daga gara. Abin da ba a yi wa rowa shi ne leda da raga, da kafa ginshiƙai cikin siminti, da ɗaure rufi tamau kafin hadarin farko, da kafa shinge ta gabas inda guguwa ke fitowa. Ƙungiya ta mallaka, amma mutum ɗaya ko biyu za a damƙa wa makulli a biya su lada. Mun san ƙungiyoyin da suka mutu a aljihun ma'aji, saboda haka a rubuta kowace naira a littafi, a karanta a gaban kowa duk wata, a buɗe asusun leda dabam wanda ba a taɓawa ko don suna ko don biki. Zuba iri a faranti aikin zaune ne mai son natsuwa, matan aure za su iya yinsa a cikin gida a biya su.

Wani zai ce mun karya wa matasa gwiwa, kuma tumatirin damina har yanzu ba mu magance shi ba. Amsarmu ita ce, wanda ya yi shekara biyu yana riƙe da gidan reno, ya iya ban-ruwa da awo, ya iya hana baƙo shiga, ya san shekarar da ledarsa za ta mutu, shi ne ya cancanci ya gwada rumfa ta biyu don tumatirin damina ko tattasai mai launi, da ribarsa, bayan ya sami mai saye a hannu. Gwamnati kuwa in tana son taimako, ta horar da masu gyara, ta sa a sami leda da raga na gaskiya a kasuwar Kano, ta gyara hanyoyin ƙauye. Raba rumfuna a bar shi tukuna.

Saura mu. Muna da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, da Cibiyar Noman Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero, da tashar binciken kayan lambu a Bagauda, da Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako a Ɗambatta, ga kuma malaman gona na KNARDA. Ilmin yana nan, amma mafi yawansa da Turanci yake, dattijon da ya tambaye mu kuwa ba zai karanta shi ba. Muna kira ga Ƙungiyar Ɗalibai ta haɗa ɗaliban aikin gona da na injiniya kafin dogon hutu, su fitar da zanen ƙaramin gidan reno wanda mai walda zai iya karantawa, da kuɗin kowane abu bisa farashin kasuwa na ranar. Ɗaliban Hausa su mayar da shi, tare da ƙa'idodin riƙo, cikin boko da ajami, kada ya wuce shafi huɗu. Mu 'yan Fulatan mun riga mun yi magana da ɗan'uwanmu, ya yarda a kwance awaki. Za a ƙara wa ƙarafan tsawo, a buɗe taga a ƙololuwa. Abin da ya rage shi ne leda da raga da faranti, su muke neman gudummawa a kai. Za mu rataya ma'aunin zafi ɗaya ciki ɗaya waje, mu riƙa rubutawa da asuba da azahar, mu ƙirga irin da aka zuba da dashen da ya fita, mu kawo lissafin a wannan mujalla ko ya yi daɗi ko bai yi ba. In Allah ya yarda, a makon farko na Agusta za a zuba iri.